Gadar da Na Bar wa Malam

Ni dai tun asali ba na son wasan nan, gara in faɗa tun da wuri. Shekara tara ina leƙa shagon Yaya ranar Asabar da yamma, in tarar da ƙattin mutane masu iyali sun duƙufa a kan wani tsohon ƙyauren ƙofa suna ta da jijiyar wuya a kan giwayen katako, in yi musu dariya, in ɗauki abin da na zo ɗauka in tafi. Ni mai gyaran wuta ne. Abin da na sani kawai, waya ta kawo ko ba ta kawo ba.

Yaya kafinta ne, kuma shi ya ƙirƙiro wasan. Wani ne ya sa shi yin ƙyaure, da aka gama ya ce bai yi masa ba, sai Yaya ya kwantar da ƙyauren a kan ganga biyu a ɗakin baya na shago, ya zana duniya a kai: teku, koguna, duwatsu, birane masu ganuwa. Ko ramin makulli bai tsira ba, ya ce rijiya ce a tsakiyar hamada. Ya sassaƙa rundunoni da guntayen katako, masu mashi da garkuwa, kekunan yaƙi, giwaye, jiragen ruwa, duk na zamanin da ba a san bindiga ba. Masu daula huɗu ne. Kore na Yaya, ja na Tela, rawaya na Direba, shuɗi kuma na Malam, aminin Yaya tun suna aji ɗaya a firamare, wanda ya koyar da tarihi har ya yi ritaya. Na biyar ɗinsu Mai Kemis, shi ba shi da ƙasa, alƙali ne. An ba shi aikin ne don mutumin da ya saba karanta rubutun likitoci ba rubutun da zai gagare shi.

Sau ɗaya ake motsi a mako. Kowa ya rubuta inda zai tura rundunoninsa a takarda, ya ninke, ya jefa cikin tsohon gwangwanin fenti, sai Mai Kemis ya zazzage ya karanta duka a lokaci guda. Cikin mako kana iya yi wa kowa alkawarin da ka ga dama, amma abin da ke cikin gwangwani shi ne magana. Wanda ya ci lardi, a ranar zai ɗauki ɗan burushi ya shafe shi da kalarsa. Wanda kuwa aka ci babban birninsa, sai a kwashe katakansa a zuba a kwali, ba zai dawo ba sai wasa ya ƙare. Shekara tara ba wanda ya ga alamar ƙarewarsa.

Yaya ya rasu ranar wata Talata. Yana cikin yankan katako ya ce kansa na juyawa, zuwa azahar sai labari. Malam ne ya riƙe ni a barandar asibiti ranar. Ina so a riƙe wannan, don kada wani ya ce ni sakarai ne da na yarda da shi.

Bayan mako uku ya zo har gidana.

"Auta, kujerar yayanka," ya ce.

Shekarata arba'in da ɗaya, amma a wurin Yaya da abokansa har gobe ni Auta ne.

"Haba Malam, ni me na sani a wasanku?"

"Dokar da shi da kansa ya kafa ce. Kujerar da ta yi mako huɗu ba kowa, raba ƙasarta ake yi. In ba ka zauna ba, Asabar ɗin nan za mu shafe koren."

Kalmar nan ta shafewa ita ta tsaya min a rai. Makullin shagon yana hannuna, don haka washegari na je ni kaɗai na tsaya a kan ƙyauren. Kore ya cinye kusan rabinsa, daga bakin teku har wajen ramin makulli, lardi goma sha bakwai. Kayan aikin Yaya an fara rabawa, rigunansa an bayar, amma nan ga hannunsa, har da wurin da burushi ya zame ya goge da yatsa. Na ce wallahi ba mai shafe wannan ina raye.

Ashe ban san abin da na ɗauko ba. Lardi goma sha bakwai, runduna goma sha huɗu kacal. Biyu daga ciki suna tsaye a bakin wata gada kusa da babban birni, ban ma kula da su ba. Sauran sha biyun na jera su ɗai-ɗai a kan iyaka kamar falwaya a bakin titi, a ganina na tsare ko'ina. Tela ya tattaro biyar ya afka wa guda ɗaya daga gabas. Direba ya ɓullo ta teku. Mako uku, lardi uku. Shi Tela in zai shafa fenti har harshe yake fitarwa gefe don daɗi, ni kuwa ina zaune ina ji kamar in kife masa gwangwanin a kai.

Ina komawa gida matata ta tare ni a ƙofa.

"Ranka ya daɗe, yau kuma wane gari aka ƙwace?"

"Don Allah ki rabu da ni."

"A'a, tambaya nake, in san ko mu fara haɗa kaya."

A makon ne matar Yaya ta ba ni wani littafin rubutu da ta tarar a ƙasan akwatin kayan aikinsa. A bango ya rubuta *Tsaron Kore*. Na buɗe shafin farko, na ga rubutun nan nasa mai kwanciya gefe, irin wanda yake rubuta awo da shi a jikin katako. Na rufe. Kwana biyu yana aljihuna ban iya sake buɗewa ba. A rana ta uku na kai wa Malam.

"Kawo in karanta maka," ya ce. "Na san yadda yayanka ke tunani. In na gama sai in warware maka a hankali."

Da hannu biyu na miƙa masa. Har godiya na yi.

Ranar Alhamis na koma. Muka zauna a falonsa, ƙarƙashin fankar nan da na gyara masa sau uku tana ta ƙara, ya jawo wata tsohuwar takardar jarrabawa ya juya bayanta ya zana ƙasata da biro.

"Auta, in aka ɗora firji da dutsen guga da injin ruwa a kan siririyar waya guda, me zai faru?"

"Ƙonewa za ta yi."

"Kai me kake yi?"

"In cire wasu mana."

"To daularka ke nan. Ta fi ƙarfin sojanta. Duk lardin da rundunarka ba za ta kai masa ɗauki cikin mako biyu ba, ba naka ba ne, aro aka ba ka. Sake shi da kanka kafin a karɓe shi har da mutanen da ke ciki."

"In saki ƙasar Yaya? Ni?"

"Ka saki biyar ka tsira da tara, ko ka rungume sha huɗu ka rasa duka. Zaɓi. Kuma kafin ka fita daga ko'ina, ƙone rumbunan hatsi. Dokar yayanka ta ce rundunar da ta yi mako biyu ba abinci, kwali za ta shiga. Bar Tela ya shigo da giwayensa ya ga abin da zai ba su."

Ya zana wani zagaye a tsakiyar takardar.

"Ka daina jera su ɗai-ɗai. Tara su nan, a mararraba, inda hanyoyi suka haɗu. Duk inda aka taɓa ka, ka kai duka da ƙarfinka gaba ɗaya, ka dawo. Kada ka yarda a yi da kai a fili. Tare shi a inda ƙasa ta matse, kamar mashigin dutsen nan, runduna uku za su tare goma. Sannan kada ka yi faɗa da mutum biyu a lokaci guda. Tashoshin jirgin ruwan nan biyu, Tela ya daɗe yana haɗiyar yawu a kansu. Ba wa Direba su kyauta, ka koma gefe ka sha kallo."

Na duba zanen. Ta yamma akwai kogi, ga gada, ga babban birnina, ga shuɗi a tsallake.

"Ta wajenka fa, Malam?"

Ya yi murmushi, ya rufe biron.

"Ni? Shekara tara ban taɓa haye kogin nan ba. Je ka tambayi Mai Kemis. Bayanka a rufe yake, Auta."

Na tambayi Mai Kemis kuwa, ya ce gaskiya ne.

Duk abin da Malam ya ce in yi na yi, kuma duk ya yi aiki. Wannan shi ne abin da ke ƙara ƙona min rai har yau. Sakin lardunan nan biyar ya yi min ciwo, ranar da aka shafe na bakin teku sai da na fita waje na tsaya ina kallon motoci har aka gama. Amma kafin wata guda Tela da Direba sun daina gaisawa yadda ya kamata. Direba ya ce kyauta aka ba shi, Tela ya ce ai shi ya yi wahalar, suka kama juna a bakin teku. Giwayen Tela huɗu suka shigo ƙasar da na ƙone, suka tsaya cirko-cirko a gaban mashigin dutse, mako biyu ba hatsi. Mai Kemis ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya jefa a kwali. Ƙarar faɗuwarsu ta fi min kowace waƙa daɗi.

"Wa ke koya wa yaron nan?" in ji Tela.

Malam ya ɗaga kafaɗa. Ni kuwa na kalle shi kamar in rungume shi.

Daga nan wasan ya shige ni. Ina saman tsani ina ɗaura waya, ina lissafin kwana nawa keken yaƙi zai yi daga mararraba zuwa gabas. Matata ta ce ina ambaton giwaye a cikin barci. Ranar Asabar ni nake riga kowa zuwa, in share ɗakin, in goge ƙyauren da tsumma. Wani lokaci har magana nake yi wa Yaya, in ce ka gani ko, ƙasarka tana nan.

Sai wata Alhamis Malam ya ce lokaci ya yi.

"Tela ya jigata. In ka ƙara runduna biyu a gabas, ka gama da shi, kowa ya huta."

"Ina zan samo biyu?"

"Ga su nan a bakin gada suna zaman banza."

Ranar Asabar na rubuta, na ninke, na jefa a gwangwani. Da Mai Kemis ya karanta, na sa hannu na ɗaga katakan nan biyu. Sai da na ɗan ja, don sun manne. A ƙarƙashinsu fentin yana nan shar, kore sabo fil, alhali ko'ina a kewaye ya koɗe. Tabo biyu ƙanana, kamar jiya aka shafa. Ashe tun ranar da aka fara wasan ba a taɓa ɗaga su ba.

Da aka tashi na raka Malam bakin titi na tambaye shi.

"Ai yayanka akwai mantuwa," ya ce. "Mantawa ya yi da su."

Yaya, mutumin da ya san adadin ƙusoshin da ke cikin kowace kwalba a shagonsa. Na san haka sarai, amma na haɗiye, don Malam ne ya faɗa.

Asabar biyu shuɗi bai motsa ba. Rundunonina suka yi nisa, suka shige gabas. A ta uku Mai Kemis ya zazzage gwangwani, ya karanta ta Direba, ya karanta ta Tela, ya karanta tawa, ya warware ta ƙarshe. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Shuɗi," ya ce. "Runduna huɗu su haye gada."

Na yi dariya, wallahi dariya na yi, na ɗauka kuskuren karatu ne. Na ce a sake dubawa. Mai Kemis ya juyo min da takardar. Rubutun Malam ne, tsaf, irin na allo.

Tela ma da ya kamata ya yi murna sai ya sunkuyar da kai yana wasa da zaren rigarsa. Malam ya tashi ya buɗe gwangwanin shuɗi, ya tsoma burushi, ya fara shafe lardin gada daga gefe, a natse. Tabon nan biyu ya bari sai ƙarshe. Daga gada zuwa babban birni tafiyar mako ɗaya ce. Rundunata mafi kusa sai ta yi uku.

Washegari da safe na je gidansa. Ko zama ban yi ba.

"Malam, me na yi maka?"

"Ba ka yi min komai ba. Zauna mana."

"Ka ce bayana a rufe yake!"

"Abin da ke cikin gwangwani shi ne magana, Auta. Tun ranar farko aka gaya maka. Kuma ka duba, duk shawarar da na ba ka akwai ta ƙarya? Da ba don ni ba, da tuni Tela ya gama da kai."

"Wato kiwo na kake yi, don kada wani ya riga ka."

Bai musa ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, da ma ya yi ƙarya. Ina tsaye sai na ji bakina yana roƙo. Ni da ban taɓa roƙon kowa ba a unguwar nan.

"Ɗauki gadar. Ɗauki lardi uku, ɗauki biyar. Ka bar min birnin kawai. Shi kaɗai ya rage na Yaya da ba a raba ba."

Ya daɗe yana kallon fanka.

"Zan duba," ya ce.

Kwana shida na rayu a kan kalmar nan. Matata ta daina zolaya. Ranar Juma'a ta ce in ƙi zuwa mana, ai makulli na hannuna, in kulle shagon kowa ya kama gabansa. Na yi tunanin hakan. Amma Yaya bai taɓa fasa Asabar ba, ko ranar da aka yi masa haihuwa sai da ya leƙo ya jefa takardarsa.

Na je na buɗe musu. Na rubuta wa rundunonina su juyo, duk da na san ba za su iso ba. Mai Kemis ya ajiye takardar Malam a ƙarshe kamar yana jinkirta allura.

"Shuɗi. Duka huɗun su shiga babban birnin kore."

Direba ya ce, "Kai, Malam!" ya kawar da kai.

Mai Kemis ya jawo kwali. Na ce ya bari, ni zan kwashe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, masu mashi, kekunan yaƙi, giwar nan da Yaya ya karya wa haure ya liƙa da gam. Malam yana shafe birnin, fenti ya zarce ganuwa ya shiga kogi. Da ya gama ya tsaya riƙe da burushin.

"Shekara tara ina jiran ranar nan," ya ce a hankali. "Kuma ba ya nan ya gani."

Ban tausaya masa ba. Har yanzu ban tausaya masa ba.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro littafin Yaya ya ajiye a gabana. Wannan karon na buɗe. Duk suna nan da rubutun nan mai kwanciya gefe: a saki na nesa, a ƙone rumbu, a taru a mararraba, a tare a mashigi, a haɗa Tela da Direba. Kalma da kalma, yadda Malam ya gaya min. Na juya shafin ƙarshe. Layi uku ne kawai, an ja musu layi biyu a ƙasa, har biron ya huda takardar.

*Gada: runduna biyu, kullum. Ko ana cin gabas kada a taɓa su. Ko Malam ya rantse.*

Na karanta sau biyu. Wata biyu da suka wuce littafin nan ya kwana biyu a aljihuna.

"Ka ga wannan shafin?" na ce.

"Na gani."

"Kafin ka ba ni shawara ko bayan?"

"Da shi na fara," in ji Malam.

Na rufe littafin na sa a aljihu. Na ɗauki kwalin a hammata. Lardunan kore da suka rage suna nan ba mai tsaro, kafin wata guda za su gama rabe su, kuma ba na son in ga wanda zai shafe wurin da Yaya ya goge da yatsa. Na ciro makullin shagon na ajiye a kan ƙyauren, daidai kan sabon shuɗin da bai bushe ba.

"Ku kulle in kun gama."

Na kai bakin ƙofa na ji muryarsa a bayana.

"Auta."

"Kada ka sake kirana haka," na ce. "In fankarka ta tsaya, ka nemi wani."